Na'urar maganaɗisu da ciwon murɗewar wuya: a yi lissafi kafin a taɓa jari

Duk wanda ya daɗe a Njamena ya san cewa fita waje neman magani sana'a ce mai zaman kanta, tana da dillalanta kamar yadda shanu da goro suke da nasu. A da Khartum aka fi nufa, har yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya toshe wannan hanya. Yanzu mai ƙarfi sai Alƙahira ko Tunis ko Indiya. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa ya haye gadar Ngeli zuwa Kusiri, ya gangara Garwa ko Yawunde, ko ya yi yamma ta Gamboru zuwa Maiduguri da Kano. Dillali zai nemo maka biza, ya kama maka masauki, ya haɗa ka da tafinta, kuma a bakinsa babu ciwon da ba shi da magani a can inda yake son kai ka.

'Yan shekarun nan wata sabuwar haja ta shigo bakin dillalan nan: na'urar da ake ɗora wa mutum a ka ta gyara masa ƙwaƙwalwa, ba yanka, ba allura, ba kwanciya a asibiti. Ba ƙarya suke yi ba a kan cewa akwai ta. Akwai ta, kuma likitoci na gaske suna aiki da ita. Inda magana take shi ne me aka tabbatar tana warkarwa, me kuma ake kan gwadawa tukuna. Ciwo ɗaya zan ɗauka in bi diddiginsa, domin shi ne ya shigo mana layi, ya kusa cinye jarin wani bawan Allah.

Maƙwabcina ne a layin 'yan atamfa a Babbar Kasuwa, shekarunsa arba'in da 'yan kai. Abin ya fara masa kamar wanda ya kwana a kan wuya. Sannu a hankali kansa ya riƙa juyawa hagu da kansa, haɓarsa tana neman kafaɗa. Mai ciniki na gabansa yana taya turmi, shi kuma fuskarsa tana kallon rumfar wani. Wasu matan suka ce wulaƙanci ne, suka daina tsayawa. A sahun salla ma sai ka ga kamar waige yake yi. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, in ya ɗora yatsa ɗaya tak a haɓarsa, ba tare da ya tura ba, sai wuyan ya miƙe. In ya yi barci kuma, iyalinsa sun ce lafiya lau wuyan yake kwanciya. To, ka san mutanenmu. Wasu suka ce da gangan yake yi, wasu suka ce iska ce, dangin matarsa suka ce sammu ne daga abokan sana'a. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wanzami ya kafa ƙaho a ƙeya har sau nawa. Sai bayan kusan shekara biyu wani likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya kalle shi na 'yan mintoci ya faɗi sunan abin: distoniya.

Sunan ba sabo ba ne. Wani likitan Jamus mai suna Hermann Oppenheim ne ya raɗa shi a Berlin a 1911. Bayaninsa a sauƙaƙe shi ne: kowace gaɓa a jikinmu tana da tsoka mai ja da tsoka mai saki. In za ka lanƙwasa hannu, ɗaya ta ja, ɗaya ta saki. Ƙwaƙwalwa ce ke raba musu wannan aiki, ta ce wa wannan tashi, ta ce wa waccan zauna. A mai distoniya umarnin zauna ɗin ne yake rauni, kamar motar da birkinta ya saki. Sai tsokoki su riƙa ja tare, har da waɗanda ba a gayyata ba, gaɓar ta murɗe ta tsaya a inda mai ita bai sa ta ba. Ƙashi lafiyarsa ƙalau, ita kanta tsokar ba abin da ya same ta, shi ya sa sau da yawa ake ɗaukar hoto a ce ba a ga komai ba. Hankalin mutum ba ya taɓuwa, kuma ba a ɗaukar ciwon daga wani. Gajiya da ɓacin rai suna ƙara shi, barci yana kwantar da shi. Shi kuwa yatsan nan da maƙwabcina ke ɗorawa a haɓa, wanda ya sa aka ce wasa yake yi, yana cikin alamomin da likitoci ke gane ciwon da su. Faransawa har suna suka ba shi, geste antagoniste.

A wurin manya wuya ya fi kamawa, amma ba nan kaɗai yake tsayawa ba. Akwai mai kama fatar ido, mutum ya riƙa runtsewa har ya kasa tsallaka titi alhali idonsa garau yake. Akwai na muƙamuƙi, akwai na maƙogwaro mai shaƙe murya. Akwai kuma wanda ya fi ba ni tausayi, mai kama hannu a kan aiki ɗaya kawai. Mutum zai ci tuwo, ya ɗaura agogo, ya ɗauki buta, amma da ya kama alƙalami sai yatsu su dunƙule. Wannan na masu maimaita aiki ɗaya ne shekara da shekaru. A Turai an ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin ɗari na ƙwararrun makaɗa yana samun su. Mu nan ka tuna da alaramma mai rubuta allo, da mai ɗinkin hula, da tela mai aikin surfani, da ɗan canji da ke lissafa takardu daga safe har magariba. In irin wannan ya samu ɗayansu, me za a ce in ba an yi masa asiri a kan sana'arsa ba? Kada kuma mu ɗauka mu kaɗai muka yi wannan zato. Su ma Turawa sun daɗe suna cewa ciwon tunani ne ko raki, sai a shekarun 1970 zuwa 1980 wani likitan Landan, David Marsden, ya tsaya kai da fata cewa duk waɗannan nau'o'i ciwo ɗaya ne kuma daga ƙwaƙwalwa yake.

Da sunan ciwon ya fito, ba a yi wata guda ba sai ga dillali a rumfar maƙwabcin nawa da bidiyo a waya: mutum zaune a kujera irin ta mai aski, an kafa masa wani abu a ka yana ƙas-ƙas-ƙas, daga nan sai a nuno shi yana murmushi. Kuɗin da aka yanka masa, da jirgi da masauki da ɗan rakiya, ya kai rabin jarinsa. Ya same ni da maganar bayan la'asar, ya ce, "Yaya, kai da kake karance-karance, duba mini wannan abu kafin in saki kaya a kan asara." Na ce masa, "Alhaji, ba ni mako biyu." Da ɗan Faransancina, da taimakon ɗan ƙanena da ke karatun likita, ga abin da muka tono.

Tunanin sa wa kai lantarki don magani ya girmi injin wuta nesa ba kusa ba. Masuntan Shari da Logon sun san minjirya, kifin nan da in ka taɓa shi sai hannunka ya sage har kafaɗa. A ƙarni na farko bayan Annabi Isa, wani likitan Rum mai suna Scribonius Largus ya rubuta cewa a ɗora wa mai matsanancin ciwon kai wani kifin teku mai irin wannan wuta. Na zamani kuwa iri biyu ne suka fi shahara.

Na farko shi ne na maganaɗisu, wanda ake taƙaita sunansa da TMS. Anthony Barker da abokan aikinsa ne suka fara nuna shi a Sheffield ta Ingila a 1985. Naɗaɗɗiyar waya ce irin ta cikin injin fanka, galibi mai siffar lamba 8, a cikin gidan roba. Ana saka mata wuta mai ƙarfi na ƙiftawar ido, sai ta haifar da maganaɗisu, shi kuma ya ratsa ƙoƙon kai ya tayar da 'yar ƙaramar wuta a fatar ƙwaƙwalwa ta sama. Duk mai gyaran taransifoma ya san wannan dabara. In aka saita ta daidai wurin da ke juya babban yatsa, sai ka ga yatsan ya motsa da kansa. In aka riƙa bugawa a hankali, sau ɗaya a daƙiƙa, wurin yakan lafa na ɗan lokaci. In aka buga da sauri yakan ƙara kuzari. Tunda matsalar mai distoniya rashin birki ce, sai masana suka ce bari mu gwada bugun a hankali ko zai zame masa birki.

Na biyu ya fi sauƙi da araha, ana ce masa tDCS. Soso biyu ne ake jiƙawa da ruwan gishiri a ɗaura a ka, a bi da wuta 'yar mitsitsiya ta tsakaninsu, miliamfiya 1 zuwa 2, na kamar minti 20. Ƙaramin batir ya isa ya ba da ita. Michael Nitsche da Walter Paulus na Göttingen a Jamus su ne suka farfaɗo da wannan hanya a shekarar 2000. Ita ba ta motsa yatsa, ɗan ƙaiƙayi kawai mutum ke ji a fatar kai. Aikinta shi ne ta ɗan karkata ƙwaƙwalwa ta zama mai saurin amsawa ko mai jinkiri. A lura, duka biyun ba su ne jona wutar da ake yi wa wasu masu taɓin hankali a asibiti bayan an sa su barci ba. A nan mutum idonsa biyu, yana gamawa ya tashi ya tafi harkarsa.

Akwai inda na'urar maganaɗisu ta ci jarrabawa. A 2008 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da ita ga masu ciwon damuwa mai tsanani waɗanda ƙwayoyi ba su yi musu aiki ba. Ana zuwa kullum, kwana biyar a mako, na mako huɗu zuwa shida. Wannan amincewa ita ce dillali ke ɗaga maka in ya ce ai Amurka ta yarda da ita. Ta yarda da ita, amma don wane ciwo? Takardar kwastan ta sukari ba ta fitar da atamfa.

A kan distoniya, an fi shekara ashirin ana gwaji. A 1999 Hartwig Siebner da abokansa a Munich sun gwada bugun a hankali a kan mutum 16 masu ɗaurewar hannu wajen rubutu. Wasu daga cikinsu rubutunsu ya gyaru, na sa'o'i, 'yan kaɗan kuma na kwanaki. A 2005 wasu likitocin Japan suka matsa da na'urar gaba kaɗan, zuwa wurin da ƙwaƙwalwa ke shirya motsi kafin a yi shi, su ma suka ga ɗan sauƙi. A 2014 Giacomo Koch da ƙungiyarsa a birnin Rum suka auna ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya a masu murɗewar wuya irin na maƙwabcina, mako biyu ana yi, aka samu ragin kusan kashi 15 cikin ɗari a ma'aunin da likitoci ke auna ciwon da shi. A Hannover kuma, inda ake da cibiyar kula da lafiyar makaɗa, an fara gwada soson ruwan gishiri shi kaɗai a 2010 bai yi komai ba. Sai a 2014 da aka haɗa shi da motsa yatsun hannu biyu a kan fiyano a lokaci guda, aka ga yatsun sun ɗan daidaita.

In ka jera waɗannan gwaje-gwaje ka dube su da idon ɗan kasuwa, abu uku za ka gani. Mutanen da aka gwada kaɗan ne, goma ne, ashirin ne, wato samfur ne ba dila ba. Sauƙin da aka samu ƙarami ne kuma yakan gushe. Sannan kowace ƙungiya da wurin da ta auna a kai, da yawan bugunta, da adadin kwanakinta, har yau ba a tsaya a kan mudu ɗaya ba. Akwai kuma wata dabara da masu bincike ke yi wadda ta burge ni: sukan raba marasa lafiya biyu, rabi a sa musu na'urar gaske, rabi a sa musu ta bogi mai ƙara iri ɗaya amma ba ta aika komai, ba wanda ya san wacce aka sa masa. Sau da yawa na ɓangaren bogin ma sukan ce sun ji sauƙi, domin sa rai kansa yana sassauta jiki. Saboda haka murmushin mutumin cikin bidiyo ba hujja ba ne, ko da bai yi ƙarya ba. Da ƙwararrun Turai, ƙarƙashin jagorancin Jean-Pascal Lefaucheur na Faransa, suka tattara duk abin da aka gwada suka fitar da jagora a 2014, suka sake sabunta shi a 2020, sun ba na'urar maganaɗisu babbar daraja a kan ciwon damuwa da wani nau'in zugin jijiya. Distoniya ba ta samu shiga cikin cututtukan da suka ba da shawarar a yi wa ba.

Akwai dalilin da ya sa abin yake da wuya. Maganaɗisun ba ya wuce santimita biyu zuwa uku daga fatar kai, alhali cibiyoyin da ke raba wa tsokoki aiki suna can tsakiyar ƙwaƙwalwa. Kamar ka zo rumfa ne maigida yana can cikin sito, ka ba yaron rumfa saƙo. Wataƙila ya isar, wataƙila ya isar da rabi, gobe kuma sai ka sake dawowa ka maimaita.

Wannan maimaitawar ita ce ta fi shafarmu mu baƙin 'yan kasuwa. Mutumin Rum ko Hannover, in ya samu sauƙin mako uku, zai hau bas ya koma a sake yi masa. Kai kuwa ka rufe rumfa wata guda, ka biya jirgi na mutum biyu, ka ci abincin otal, ka dawo Njamena, na'urar tana can ƙasar da ka baro. In sauƙin ya gushe kafin ka gama biyan bashin tafiya, wa gari ya waya? Ba ina cewa dabarar banza ce ba. Hatsarinta kaɗan ne: ciwon kai, zafin fatar kai, ƙarar da ke sa a toshe wa mutum kunne, sai farfaɗiya da takan faru jefi-jefi ƙwarai, shi ya sa ake tambaya ko mutum yana da ita, ko yana da wani ƙarfe a kai. Mai yiwuwa nan gaba a gano inda za a auna da yadda za a haɗa ta da motsa jiki ta zama magani sosai. Amma abin da ake kan gwadawa, a ƙa'ida masu bincike ne ke neman ka, su yi maka bayani, ka sa hannu, galibi ba ka biyan kuɗin na'urar. In an ce ka kawo rabin jarinka a yi maka abin da su masu shi suke kira gwaji, to ka san kai ne hajar.

Ita kuwa mai soson, da yake tana da araha, ana sayar da ire-irenta a intanet, kuma na san yaranmu masu gyaran waya za su iya harhaɗa ta da batir cikin awa guda. Kada a yarda. Wutar kaɗan ce, amma in soso ya bushe tana ƙona fata, kuma in aka juya wayoyin ko aka ɗora a inda ba nan ba, ana iya ƙara wa wurin da ake son kwantarwa kuzari.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan bincike shi ne yawan abubuwan da ke kusa da mu, masu araha, waɗanda dillali ba zai taɓa ambata ba saboda ba shi da la'ada a ciki.

Na farko, wata distoniyar mu muke saye da kuɗinmu a bakin titi. Maganin amai da ake kira metoklofiramid, wanda a farmasin nan aka fi sani da Primpéran, da wasu magungunan taɓin hankali irin su haloferidol da Largactil, suna iya murɗe mutum cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki da fara sha, musamman yara da matasa. Na taɓa ganin yarinya 'yar shekara tara a unguwarmu, zazzaɓi ya sa ta amai, aka saya mata ƙwaya a wurin dokta shuku, masu yawo da magani a faranti. Washegari wuyanta ya sandare baya, idanunta suka kafe sama, harshe ya fito. Gidan ya ruɗe da salati, ana neman mai ruƙiyya. Wata maƙwabciya ma'aikaciyar jinya ce ta ce a kawo mata kwalin maganin, tana gani ta ce a ɗauke ta sai asibiti. Allura ɗaya aka yi mata, kafin a idar da sallar isha'i yarinya tana neman abinci. Saboda irin wannan ne Faransa ta hana ba wa 'yan ƙasa da shekara 18 wannan magani a 2012. Amma a kiyaye: wuyan da ya sandare tare da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai yana iya zama sanƙarau, mu kuwa a tsakiyar yankinsa muke. Ko wanne ne, asibiti ne a daren, ba a jira safiya.

Na biyu ya shafi yara. Akwai wani nau'i da likitan Japan Masaya Segawa ya bayyana a shekarun 1970. Yaro zai tashi da safe yana tafiya kusan daidai, zuwa yamma ƙafa ta murɗe ya kasa takawa. Sau da yawa akan ɗauka shan inna ce ko lalurar haihuwa, a bar shi a gida. Alhali ƙwayar lebodofa, wadda ake ba masu ciwon makyarkyata na tsufa, kaɗan daga cikinta tana iya tayar da irin wannan yaro ya yi gudu, kuma ta ci gaba da yi masa aiki shekara da shekaru. Ba kowane yaro ba ne, nau'in ba shi da yawa, amma shi ya sa likitoci ke gwada wannan ƙwaya a kan yaron da ya zo da distoniyar da ba a san dalilinta ba. Wasu yaran kuma tun daga mako na farko aka yi sake: shawarar jarirai in ta yi tsanani tana lalata daidai waɗancan cibiyoyi na tsakiyar ƙwaƙwalwa. Jaririn da idonsa da jikinsa suka yi ɗorawa, ya daina kama nono, ba na shanyawa a hantsi ba ne.

Ga manya masu ciwon wuya ko fatar ido, maganin da ya fi kowane tabbaci a yau allura ce ta wani dafi da ake kira botulinum, wadda aka fi sani da sunan Botox. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, shi ya fara amfani da ita don gyara harara-garke. An amince da ita a can don runtsewar ido a 1989, don murɗewar wuya kuma a 2000. Ana tsira ta kaɗan-kaɗan a cikin tsokokin da ke ja fiye da kima, sai su yi laushi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ba ta warkarwa, aikinta kusan wata uku ne a sake. Tana da tsada, tana son hannun wanda ya san tsokokin wuya ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci takan sa wahalar haɗiya na ɗan lokaci, kuma yawancin nau'o'inta sai a firji. Wanda ya san zafin Afrilu a garin nan da yadda wuta ke zuwa ta tafi ya san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Duk da haka, in dai za a kashe kuɗin tafiya, gara a kashe a kan abin da aka gwada a kan ɗaruruwan mutane aka ga aikinsa. Wannan hanya maƙwabcina ya bi. Wuyan bai koma kamar da ba, amma yana kallon mai ciniki a ido, kuma ya mayar da teburinsa ɓangaren da kan ke karkata.

Akwai kuma ƙwayoyin sha. Wadda aka fi bayarwa ita ce wadda farmasin nan ke kira Artane, a Nijeriya kuma Exol. E, ita dai, wadda matasa ke sha don maye har jami'an hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi suke kamawa. Wannan ya sa dattijo yakan ji kunyar miƙa takardarta a farmasi, ga shi kuwa magani ne na halal in likita ya rubuta. Tana busar da baki, tana dushe gani, tana rikita tsofaffi, kuma tana rage gumi, abin da mai zama cikin rumfar kwano a bazara ya kamata ya sani.

Ga wanda ciwon ya game masa jiki duka, akwai tiyatar da ake dasa siraran wayoyi har can tsakiyar ƙwaƙwalwa, a binne batir a ƙarƙashin fatar ƙirji. Wannan shi ne shiga sito wurin maigida kai tsaye. Philippe Coubes a Montpellier ta Faransa yana cikin waɗanda suka fara yi wa yara masu distoniya tun shekarun 1990, Amurka kuma ta ba da izini a 2003. Tana aiki sosai ga waɗanda suka dace da ita. Sai dai tana ɗaure mutum da asibitin da ya dasa ta har abada, domin ana saita ta lokaci-lokaci, batir yana ƙarewa, in kuma ta tsaya farat ɗaya ciwon yana iya dawowa da ƙarfin da zai kai ga kwanciya a sashen gaggawa. Mai zama nesa ya tambayi wa zai duba masa ita kafin ya tambayi nawa ne.

Duk waɗannan hanyoyi ƙofarsu ɗaya ce, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, su kuwa ba su da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2024 ƙasashe masu arziki suna da ma'aikatan wannan fanni har ninki 70 na ƙasashe irin namu in aka auna da yawan jama'a. Amma akwai su. A nan Njamena akwai sashensu a babban asibitin ƙasa, Référence Nationale. A Nijeriya akwai a asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri da na Malam Aminu Kano. Layin yana da tsawo, lokacin da likita zai ba ka kuma gajere ne, don haka a je da shiri. A ɗauki bidiyon mara lafiya a waya lokacin da abin ya fi tsanani, da safe da kuma yamma, yana tafiya, yana rubutu ko yana aikin da ke tayar masa da shi, domin ciwon yakan ɓuya a gaban likita. A zuba duk kwalayen magungunan da ya sha a leda a tafi da su, har da na dokta shuku da na gargajiya. A tuno ko akwai mai irinsa a dangi, na uwa da na uba, musamman inda aka yi auren zumunci. In kuma dillali ya riga ya kawo takardar wani asibitin waje, a tafi da ita ita ma, a ce wa likitan ya karanta ya faɗi sunan abin da za a yi, wata nawa aikinsa yake ɗauka, da kuma inda za a je a sake in ya gushe.